Shanyar Ranar Lahadi

Hawaye suna zuba kan tamfol, Matta tana kwashe jiƙaƙƙiyar shinkafa da hannu ita kaɗai, ma'aikata goma suna tsaye suna kallonta... Wayyo maraici! Yarinyar da ba uwa ba uba, sai kaka makauniya da take ciyarwa da aikin nan na injin casar shinkafa a Talata Mafara.

Tun ranar da aka ɗauke ta, mai injin, Hajiya Lailatu da ke zaune Maradun, ta ce mata ta tsare shanya ranar Juma'a idan mutane sun tafi masallaci, Lahadi kuwa ta je cocinta. Sai Barau, shugaban ma'aikata, ya ɓullo da aikin Lahadi, kowa ya bi ban da Matta. Nan fa aka sa ta gaba! Ta yi gaisuwa a yi shiru, ta wuce a ce ga Gimbiyar Lahadi. Taiba ma, ƙawarta da suke cin abinci kwano ɗaya, ta janye kwanonta.

"Ki zo ko sau ɗaya mana, ki huta da bakin mutane," in ji Taiba.

"Taiba, ke za ki bar sallarki don bakin mutane?"

Jiya Lahadi ruwa ya tsuge ba wanda ya rufe shanya, shinkafa ta lalace kaf. Yau ga motar Hajiya a ƙofa! Barau ya tarbe ta da gudu har hularsa tana faɗuwa.

"Hajiya, wagga yarinya ce! Jiya Lahadi ita ke da tsaron shanya, ta tahi coci ta bar mu. Kowa shaida ne, a kore ta!"

Matta ta durƙusa, kakarta kawai take tunawa. "Ya Allah, kai ka gani... Hajiya, ki ji ƙaina!"

Hajiya ta dubi tamfol, ta dubi Barau.

"Mi ka ce? Lahadi? Ba ni na ce inji shi huta duk Lahadi ba? Shinkafar wa aka shanya?"

Ashe mai haƙa ramin mugunta ya manta ya gina shi gajere. Sai Taiba ta fashe da kuka. "Ta Barau ce, Hajiya! Daga Bakura yake kawo ta a ɓoye, mu casa da injinki. Tsoro yake ji Matta ta faɗa, shi ya sa ya ce mu matsa mata ta shigo cikinmu. Matta, ki yafe ni!"

Nan take Hajiya ta karɓe makullai daga hannun Barau, ta ce ya kwashe ruɓaɓɓiyar shinkafarsa ya fita. Ta ɗago Matta, ta share mata hawaye da gefen mayafinta, ta damƙa mata makullan.

"Riƙe, ɗiyata. Ranar Asabar ki kulle, kada a buɗe sai Litinin."