Itacen Jegon Hansatu

Kullum da hantsi Tsintau take fita. Ƙafa shida gare ta da hannu ɗaya dogo. In ta taɓa reshe ta ji ba danshi a jikinsa, sai ta ɓalle shi ta jefa a kwandon bayanta. Farfesa Injiniya Barau da ya ƙera ta ya ce sunanta Na'urar Tantance Matattun Sassan Tsirrai. Ma'aikata suka ce Tsintau.

Sallau ne yake bin ta a baya. Shekara tara yana gadin Gandun Fadama, ɗan dajin da ya rage a tsakiyar birnin Sabuwar Rima: tsamiya arba'in, tafki ɗaya, benaye ta ko'ina. Nan kaɗai shamuwa take sauka in damina ta ƙarato.

Matarsa Hansatu tana da cikin fari, wata bakwai. Surukarsa Inna Ladiyo ta zo zaman jiran haihuwa, ta dubi famfon ruwan zafi na jikin bango, ta taɓe baki.

"Ruwan da bai ga wuta ba? 'Yata ba za ta yi wankan jego da shi ba. Ubanta itace ya tara min har ya fi katanga tsawo."

"Inna, ai itace ya ƙare a garin nan," in ji Sallau, kansa a ƙasa.

"To kai a ina kake aiki? A banki?"

Washegari ya roƙi Farfesa abin da Tsintau take tsintowa. Farfesa ya yi masa jawabin minti arba'in, rabi da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce busasshen itace shara ne, ya kwasa. Don a ga ƙarfin na'urarsa ma, ya murɗa ta har ƙarshe.

Tsintau ta fara hawa bishiya. Sheƙar shamuwa kuwa busassun ƙirare ce, kuma tsohuwar sheƙarta take komawa duk shekara. Sallau ya san wannan sarai. Ya ga sheƙar farko ta faɗa kwando, ya buɗe baki, ya tuna fuskar Inna, ya rufe.

Cikin sati shida itace ya fi katanga tsawo a rufin benensu, hawa na talatin. Inna ta zagaya shi, ta ce, "Ba laifi." Tun aurensa bai taɓa samun yabo irin wannan ba.

Shamuwoyi suka iso. Kwana uku suna shawagi a kan tsamiyoyin da aka share tas. Rana ta huɗu suka gane kayansu, suka sauka a kan tulin itacen Sallau, suka yi ƙwai.

Dokar birni ta ce duk inda shamuwa ta yi ƙwai ya zama gandu har 'ya'yan su tashi. Hukuma ta kewaye tulin da waya, ta turo takardar naɗin mai gadi. Sunan Sallau ne a ciki. Farfesa ya hau da 'yan jarida, ya ce dama shirinsa ke nan, faɗaɗa daji zuwa sama.

A satin Hansatu ta haifi mace.

Inna ta hau rufin tana haki, ta same shi cikin kakinsa.

"Malam, ko ƙirare biyar. A ɗora tukunya."

"An hana, Inna."

"Wa zai kama ni?"

Sallau ya dubi tsuntsuwar da take kwance a kan ƙwanta, ya dubi ƙasa.

"Ni ne, Inna."

Ta dubi kakin da yake jikinsa. Sannan ta sauka. Can ya jiyo an kunna famfon bango.