'Yar Lilon Gidan Scarfo

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, kuma a gidan Carmelo Scarfo Lahadi ranar taliya ce da surutu. Amma yau in ban da ƙarar cokula ba abin da kake ji. Mama Pina ta zuba wa kowa ta zauna tana satar kallon mijinta. Vince, babban ɗansu, ya sunkuyar da kai yana tura loma kamar an sa shi dole. Ƙanwarsa Loretta kuwa juya abincin kawai take yi, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Carmelo ya ajiye cokali. "Ke nake jira. Tun jiya nake jira ki gaya mini abin da ya same ki a kwanar ƙarshe."

"Baba, na faɗa wa Yaya Vince. Babu hanya a wurin."

"Akwai hanya," in ji Vince, ko ɗagowa bai yi ba. "Tirela ma sai ta shige."

"Kafaɗar mutum ce a wurin, Yaya."

"Kafaɗar wa?" Carmelo ya tambaya a hankali, irin maganar da gara tsawa da ita. "Faɗi sunansa mu ji."

Gidan Scarfo gidan tsere ne tun kaka da kakanni. Lemu da inabi suke nomawa a bakin kogin Murray, amma wannan don ciki ne kawai. Zuciyarsu tana kan babur mai taya uku, wanda mutum biyu ke hawa su zagaya jan fili ba birki. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya kuma shi ne ɗan lilo: a miƙaƙƙiyar hanya ya danne tayar baya da nauyinsa don ta kama ƙasa, a kwana ya zubo jikinsa ta ciki har kafaɗarsa ta kusa sharar ƙasa don babur ya juya. Vince ke tuƙi, Loretta ke lilo, tun tana makarantar sakandare.

Jiya Asabar aka yi tseren kofin yanki. A zagayen ƙarshe su ne na biyu, a gabansu kuma baburin gidan Kellow, wanda ɗan lilonsa shi ne Brodie Kellow, saurayin da ya zo gidan nan da ƙafarsa ya gai da Carmelo ya ce yana son 'yarsa da aure. Suna doso kwana Vince ya hango 'yar kafa ta ciki, tsakanin baburin Kellow da farin layi, ya murɗa totur. Ita kuwa Loretta ta san nan ne Brodie zai zubo da jikinsa kafin ƙiftawar ido. Ta daki bayan yayanta, alamar kada ya shiga. Bai saurare ta ba. Sai ta ɗaga jikinta daga kan tayar baya. Taya ta yi ta juyawa a banza tana watsa ƙasa, gudu ya mutu, su Kellow suka sha kwana suka ɗauke kofi.

"Tsere ba zumunci ba ne," in ji Carmelo. "In ka ga kafa ka shiga, na gaba shi zai janye kansa. Haka aka yi mini, haka na yi wa wasu."

"In bai gan mu ba fa, Baba? Baya yake ba mu."

"Rufe mini baki. Tun kafin a haife ki nake neman kofin nan, ya zo hannu, kin miƙa wa saurayi. Kin sayar da yayanki a gaban gari duka."

Pina ta ce, "Haba Carmelo, a bar yarinya ta ci abinci—"

"Ta ci. Amma daga yau ƙafarta ba ta ƙara taka garejina, yaron nan kuma kada in ƙara ganin motarsa a ƙofata. Na gama magana."

Hawaye suka zubo wa Loretta, ta tashi ta shige ɗaki.

Wanda bai taɓa zama baƙo a gidan ubansa ba bai san kaɗaici ba. Ba a zage ta, ba a kore ta, kawai an daina ganinta ne. Da safe ta tafi rumfar ware lemu, ta wuni tsaye tana raba manya da ƙanana, ta dawo da yamma ta ji ƙarar inji daga gareji da dariyar maza. Ta san kowane ƙusa na baburin nan. Daga ɗakinta takan ji sautinsa ta gane an ɗaure sarƙa ta yi tauri, ta buɗe baki kamar za ta faɗa, sai ta tuna ba wanda ya tambaye ta. A kanti mata na yi mata murmushin da ya fi harara zafi. A coci Carmelo ya riƙa sa matarsa tsakaninsu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ta fara tambayar kanta: da wani ne ba Brodie ba, da ta ɗaga? Ba ta da wanda za ta yi wannan maganar da shi.

Wata yamma suka haɗu da Brodie a bakin kogi, wajen injin ban ruwa. Ya rame, ya zauna yana jifan ruwa da tsakuwa.

"Kofin nan ko kallonsa ba na son yi," ya ce. "Duk inda na shiga sai a ce budurwa ce ta ba ni. Da kin bar shi ya shigo kawai."

"Da yanzu furanni nake kai maka maƙabarta, sarkin jarumta."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Loretta, mu tafi birnin Adelaide. Ofishin rajistar aure, shaidu biyu, an gama. Ba mai hana mu."

"Na sani ba mai hana mu. Amma ni so nake Baba ya riƙe hannuna ya shigo da ni coci. In na bi ka yanzu, na tabbatar masa da abin da ya faɗa a kaina."

"In ya ƙi har abada fa?"

"Sai in tsufa ina ware lemu, kai kuma ka zo kana saye."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Brodie. Ka yi haƙuri da ni."

Bai yi fushi ba, amma garin ya ishe shi. Ya ajiye tsere ya tafi aikin haƙar ma'adinai a garin Broken Hill mai nisa. Da farko kullum sai ya kira, daga baya aikin ƙarƙashin ƙasa ya cinye shi, ya koma sai ƙarshen mako. Loretta takan riƙe wayar tana kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Sanyi ya shigo ya fita, itatuwan lemu suka yi fure, ita tana nan jiya i yau.

Shi kuwa Vince, da aka buɗe sabuwar kakar tsere, ya gane ba kowane mai nauyi ne ɗan lilo ba. Ya ɗauki wani ɗan kawunsu, a kwanar farko ya faɗo kamar buhun dankali. Ya ɗauki wani abokinsa, shi kuma tsoro ya hana shi zubowa, babur ya yi ta nufar katanga. Kofin yanki ya sake matsowa. Girman kai dai rawanin tsiya ne, wata rana sai ga Vince a rumfar lemu yana sosa ƙeya.

"Ke, kayanki suna nan ko kin yi ƙiba?"

"Baba ya sani?"

"Ya ce in kin hau, abin da direba ya yi shi za ki bi. Ba shawara."

"Zan hau, Yaya. Amma ban yi maka alkawarin komai ba."

"Wannan karon ai saurayinki ba ya nan," ya ce yana taɓe baki. "Ba abin da zai ɗaga ki."

Ranar tseren aka rasa masu riƙe jar tutar da ake tsayar da tsere da ita in an yi haɗari, shugaban kulob ya roƙi Carmelo ya tsaya a kwanar ƙarshe, ta cikin fili. Shi da ya saba kallo daga wajen gyaran babura, can nesa, ya karɓi tuta yana gunaguni ya tafi.

Aka saki igiyar fara tsere, babura huɗu suka zabura. Jikin Loretta bai manta komai ba. Ta danne, ta zubo, ta tashi, ita da babur kamar tare aka haife su, har ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba. Suka wuce ɗaya ta waje, tsaf, ba ko gogayya. Suka wuce na biyu. Saura wasu baƙi daga arewa masu koren babur, waɗanda ko sunansu ba ta sani ba. A zagayen ƙarshe direbansu ya ɗan buɗe, kafa ta bayyana ta ciki, Vince ya murɗa totur har ƙarshe.

Ta ga bayan ɗan lilonsu ya fara karkatowa. Ta daki Vince sau biyu, ya ƙi. Ta san abin da ke jiranta in ta ɗaga: wannan karon ba gareji kaɗai za a rufe mata ba, kuma maganar Brodie ta mutu ke nan. Ta ɗaga.

Taya ta yi kuka, jar ƙasa ta tashi, gaban baburin su Loretta ya wuce bayan hular mutumin da abin da bai kai tafin hannu ba. Koren babur ya ci. Su suka zo na biyu.

A wajen gyara Vince ya cire hular kwano ya maka ta da ƙasa. "Wallahi ke annoba ce! Wannan kuma waye? Shi ma saurayinki ne? Ki tattara kayanki, na gama da ke."

Loretta ta zauna kan wata tsohuwar taya. Sai ga Carmelo yana tahowa da tuta a hannu, fuskarsa duk jar ƙasa. Vince ya tare shi. "Baba, ka gani ko? Ta sake—"

"Yi mini shiru." Ya wuce shi ya tsaya gaban 'yarsa. "Kin san mutumin nan?"

"Ban san shi ba, Baba."

"A gabana aka yi. Wuyansa na gani, daidai inda tayarku za ta bi. Yanzu na wuce matarsa tana goge masa fuska, da jariri a hannunta." Ya dube ta. "Bara ma haka wurin yake?"

"Na bara ya fi wannan matsewa."

Tsohon ya zauna a ƙasa kusa da ita, cikin man inji da ƙura, mutane na wucewa suna kallo. "Ni na koya masa," ya ce. "Ni na ce ya shiga. Kin hana ɗana zama mai kisan kai, ni kuma na shekara ina hukunta ki a kai. Ki yafe mini, 'yata."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta kifa kai a kafaɗarsa. Vince ya tsaya jiki a sanyaye, can ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya nufi wajen baƙin nan ya miƙa wa ɗan lilonsu hannu.

Washegari Carmelo bai aika saƙo ba, bai kuma ce a kira waya ba. Ya ce wanda ya yi kora da bakinsa shi ke bi da ƙafarsa. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya loda akwatin lemu a bayan a-kori-kura, ya sa Loretta a gaba, suka kama doguwar hanyar Broken Hill. Suka tarar da Brodie ya fito daga aiki, baƙi ƙirin da ƙura. Ya ga motar ya tsaya cak.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Zuwa na yi in tambaye ka ko maganarka tana nan, ko wata ta riga mu."

Brodie ya kalli Loretta, ita kuma ta kalli ƙasa tana murmushi da hawaye. "Tana nan, Baba. Ba inda ta je."

"To je ka yi wanka, ba na ba da 'yata ga gawayi."

Bayan girbin inabi aka ɗaura auren, Carmelo ya riƙe hannunta ya shigo da ita coci, yana kukan da ya ce wai ƙura ce ta shiga idonsa. Kofin yanki dai har yau bai shiga gidan Scarfo ba, kuma ba wanda ya mutu don rashinsa.

'Yan'uwana matasa, kowa na son ya sha gaban na gabansa, a kan babur ko a rayuwa, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin ka kutsa, duba ko kafar da ka hango wuyan wani ce. Wanda kuma ya tsaya kan gaskiya aka juya masa baya, ya yi haƙuri ya ci gaba da tsayuwa, ko da shi kaɗai ne. Kofi in ya wuce baɗi ma ana yin wani, ran mutum kuwa guda ɗaya ne.