Baitin da Ya Ambaci Shanun Baba

Ranar da Surayya ta fara shiga ɗakin gwajin waƙa da ke bayan wani shagon ɗinki a Ƙaura Namoda, ko sallama ba ta gama ba Armiya'u ya ɓata baitin da yake rerawa. Shi ne jagoran ƙungiyar. Shi ke ba da waƙa, Mahmuda ya karɓa da murya mai kauri, Zulai ta riƙe tsakiya. Muryar sama ce suka rasa, shi ya sa Zulai ta jawo ƙawarta.

"Ki hau bisa muryata kaɗan, kada ki bi ta," in ji Armiya'u. "In na sauka, ke ki tsaya inda kike."

Ta tsaya ɗin. Muryoyi huɗu suka haɗu har tsikar jikinta ta tashi, jagoran kuwa ya saki baki yana kallonta.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta: "Muryar Sama, tun da kika fita ɗakin nan ya zama kango. Gobe ki zo da wuri."

Ta amsa: "Jagora, ni waƙa na zo koyo. Amma zan zo da wurin."

Kafin wata uku magana ta yi nisa. Mahmuda, wanda shi ma ya taɓa furta mata so ta ba shi haƙuri, ya rage fara'a. Babbar matsalar dai mahaifinta ne, Malam Labbo, mutumin Galadi da 'yan bindiga suka sa ya kwaso iyalinsa zuwa Ƙaura, ya bar shanunsa hannun ƙanensa Wakili.

"Ban ba da ɗiyata ga mai sana'ar baki," in ji shi. "Wanga zamani, mai shiru shi ka kwana gida."

To, mawaƙi in yana neman abu wurin babba, me ya iya ban da ya wasa shi? Armiya'u ya tsara baiti: "Labbo na Galadi, garkenka ya fi ƙirga, farare sun rufe gabas da rafi." Surayya ta hango haɗari da ta ji an ambaci suna da gari da wurin da shanun suke, amma so ya rufe mata baki. Kwana biyar suna gyara amshin, Mahmuda na ɗauka a waya kamar kullum, don a ji muryar da ta kauce.

Bayan mako biyu ta ji waƙar tana tashi a rumfar masu cajin waya.

"Mutum ɗaya kawai na tura ma," in ji Mahmuda da ta tuhume shi, bai ko dube ta ba. Kuskure ne ko ƙulli, Allah kaɗai ya sani.

Ranar Talata bayan azahar baƙuwar lamba ta kira Malam Labbo. Babu sallama. Waƙar ce ke tashi daga can, muryar Surayya a sama tas, sannan wani ya ce a hankali, "Malam, ashe dukiya ta yi albarka. Muna nan tafe gaisuwa."

Tsohon ya daɗe yana kallon 'yarsa. Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Wakili da matansa da 'ya'yansa suna can tare da shanun, wayarsa kuma ba ta shiga.

Da ta sanar da Armiya'u, amsa ɗaya ya turo: "Abar ƙaunata, bakina ya jawo, ni zan je. Na hau mashin zuwa Galadi. In ban dawo ba, ki roƙa mini gafarar Baba."

Kwana biyar babu labari. Surayya ta daina cin abincin kirki. Duk mashin da ya tsaya ƙofar gida sai ta leƙa, tsoro take kada a ce an kawo saƙon mutuwa.

Da hantsin rana ta shida aka ji kukan shanu a bayan gari. Wakili ne gaba da iyalinsa, Armiya'u a baya da sanda, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage, muryarsa ta dishe.

"Yaya, da wanga yaro bai zo ba, da ba ka sake ganinmu," in ji Wakili. "Kwana ɗaya da tashinmu sunka zo, sunka ƙone bukkokin."

Armiya'u ya durƙusa. "Baba, na yi wauta. Ku yi mini hukuncin da kuka ga dama."

Malam Labbo ya dubi ƙafafun nan, ya dubi ƙanensa da ke tsaye da ransa.

"Tashi, ɗana. Ka ce ma magabatanka su zo."

An ɗaura auren ranar Juma'a a zauren gidan, babu lasifika, babu maroƙi, ba a kira sunan kowa da ƙarfi ba. Surayya na cikin ɗaki lulluɓe, hawaye na zuba a kan lallenta, farin ciki da fargaba sun haɗe mata. Daga nan ta ji liman ya ce, "Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a ɗayyiba, Allah ya ba da zaman lafiya."

A kan addu'ar ƙarshen ne muryar Malam Labbo ta karye, ya yi ta maimaita amin bayan kowa ya shafa.