Ruwan Farko a Randar Hawa

Ana gab da kiran magariba, Hawa tana tankaɗe a tsakar gida, dutsen farko ya faɗo cikin ƙwaryar gari. Ta ɗauka ta jujjuya shi. Ɗan dutse ne mai sulɓi, jiƙe sharkaf, a garin Arlit inda wanki ke bushewa kafin ka gama shanya. Na biyu ya sauka kan rufin kwano, na uku ya fasa murfin randa. Ba ta nemi mai jifa ba. Harara kawai ta wurga wa abin da ke jingine da bango, wato kwalekwalen mijinta.

Kwalekwale a Arlit! Tun da mijin nata, Harisu, ya bar aikin ma'adinai ya rasa abin yi, sai ya tuna ya taɓa zama a Gaya, bakin kogi, yana saurayi, ya sa maƙera suka harhaɗa masa wannan tarkace da tsofaffin ganguna. Da aka yi ruwa a kan duwatsu, wata ƙorama ta wajen Dannet ta kawo, ya loda shi a mota, ya tafi da autarsu Zuwaira don ta ɗauki hotonsa da wayar salula. Makiyayan wurin suka ce masa ruwan farko ba na mutane ba ne, aljanu masu wurin ne ke tafiya a kansa, a bari ya wuce. Ya bushe da dariya, wai waɗanda ba su taɓa ganin kogi ba ne za su koya masa ruwa? Ya shiga, ruwa ya yi ta gwara shi da duwatsu yana kururuwa. Ya dawo gida da ƙulu a goshi, da sauran ruwa kwance cikin kwalekwalen, yana ba da labari sai ka ce ya ƙetare teku.

Tun daga yammacin jifan Zuwaira ta daina shan ruwa. In an kai mata moɗa baki sai ta datse haƙora. Da rana ta faɗi, sai a ji gurnanin ruwa yana dukan dutse a ɗakinta, a leƙa a tarar da ƙasa busasshiya. Likita ya duba bai ga komai ba. Leɓunanta suka tsattsage, idanu suka zurma, Hawa tana kallon ɗiyarta tana ƙarewa. Tsoro ya cika ta, amma haushin mijin ya fi tsoron yawa, ko sunansa aka ambata sai ta ja tsaki.

Aka ɗauko Malam Amumun daga Dannet, tsoho mai ƙarancin magana. Ya zauna ya yi ta karatu a hankali, har gidan ya yi tsit. Can Zuwaira ta miƙe zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

“Ya isa, Malam, kana ƙona ni.”

“Wace ce ke?” in ji Malam.

“Matafiyiya. Shekara nake yi ina jiran ruwan nan ya kai ni wurin 'ya'yana.”

Hawa ta nuna mijinta da baki. “Ga wanda ya tare miki hanya nan.”

Muryar ta yi wata dariyar raini. “Wannan mai tumbin? Ai shi nishaɗi ya ba ni. Shiga kwanonsa na yi don in ga ƙarshen wauta. Da an juye ruwan a ƙasa, da tuni na bi rairayi na koma. Wa ya kwashe ni da moɗa, ya tace ni da tsumma, ya rufe ni a randa, ya ba yarinya ta sha?”

Hawa ce da kanta ta yi haka. Famfo ya ɗauke a ranar, kuma wace mace ce a Arlit za ta ga ruwa ta zubar?

Aljanar ta ce yarinyar za ta zama randarta har wata damina. Malam ya ɗaga murya da karatu, ta yi ƙara, ta sauko. Ta ce to, a maida ta yadda aka kawo ta, cikin kwalekwale, mai shi yana tuƙi, mai randa kuma ta zubar da hannunta.

“Ƙoramar ta ƙafe,” in ji Harisu.

“Ni na ƙafar da ita? Ka tuƙa.”

Washegari da la'asar makiyaya suka jeru a bakin ƙorama suna kallon babban mutum zaune cikin kwalekwale a kan yashi, yana tuƙi da filafili, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Wasu suka rufe baki da rawani. Harisu bai ɗago ba, kuma tun daga gida bai ce wa matarsa ko uffan ba a kan randar. Wannan shirun ya fi mari yi mata zafi.

Hawa ta karkata randar da suka zo da ita, Zuwaira na kwance a gefe. Yashi ya shanye ruwan nan take, wata iska mai sanyi ta bi ƙoramar ta yi yamma.

“Inna,” in ji Zuwaira da muryarta ta ainihi, “ƙishirwa.”

Hawa ta leƙa randar, babu ko ɗigo. Wata makiyayiya ce ta sauko daga gaɓa, ba ta kalli miji ko matar ba, ta kwance bakin salkar ruwanta ta kafa wa yarinyar a baki.