Alamomi Uku a Jakar Auta

"Asiri ne, Yaya! Wallahi asiri ya yi mata!"

Goggo ta dangwarar da takardar da ta zaro daga jakar Auta. Shekara biyu tana yi wa ɗanta kamun yarinyar, sai ga wani mai koyar da kwamfuta ya yi musu shigar sauri.

Auta ta durƙusa gaban mahaifinta.

Abba ya gyara tabarau. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, bai taɓa ganin irin wannan ba: (+/÷≢)

"Mene ne wannan?"

"Yaren kwamfuta ne, Abba... shi yake koya mini. Daga dama ake karanta lissafinsa. Biyu sau uku a tara huɗu, nawa ne?"

"Goma."

"A nan sha huɗu ne. Uku da huɗu ake fara haɗawa."

Abba ya ɗaga gira.

"To waɗannan na cikin baka fa?"

"Jirgi ake ce musu, tarago uku a jere." Ta tuno yadda malamin nata ya zana mata su a allo har ta manta da numfashi. "Na hagu, wato +/ ɗin nan, ya tara lambobi duka. Na dama ya ƙirga guda nawa ne. Na tsakiya ya karɓi amsoshin biyu ya raba."

Abba ya bi alamomin da yatsa, leɓensa na motsi.

"Matsakaici..." ya ce a hankali. "Ikon Allah! Ina lambobin?"

"Ba ya ambatar su. Ko uku ka ba shi, ko miliyan, haka yake."

"Abin da nake cika allo a kansa! Allahu Akbar!"

"Yaya, kai ma ya kama ka ke nan?"

Ko kallonta bai yi ba.

"Auta, ki ce ya zo gobe. Da kwamfutarsa."

Goggo ta ja mayafi ta fice, ko sallama babu.

Washegari Auta ta ci kwalliya tun la'asar. Ta leƙa falo sau huɗu, Abba da malamin kawunansu a haɗe kan kwamfuta, Abba sai salati yake. Ta tura wa malamin saƙo.

"Masoyi, ni ka zo gani ko Abba?"

"Ki yi haƙuri, rabin raina... ya ce in turo magabatana ranar Asabar."

Wayar ta kusa suɓuce mata.

Sai wani saƙon ya shigo.

"Amma ya rantse ba zan tashi ba sai mun gama mai tarago biyar!"