Ranar Da Na Datse Tiyon Injin Wanki

Na zura almakashi bayan injin wankin, na lalubo tiyon ruwa, na runtse ido na datse shi.

Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke min fuska. Ban goge ba, dama hawaye ne a wurin.

"Mama, injin ya fashe!"

Mama ta fito daga ɗakin guga tana salati, ruwa har ya kai bakin ƙofar shago.

"Kayan otal fa da yamma za a zo karɓa. Maza kira Injiniya."

Abin da nake so ta ce ke nan. Ya daina ɗaga wayata, amma na san kiran gyara ba ya ƙin sa.

Shi ya haɗa mana injinan nan bara, biyu na wanki, ɗaya na busarwa. Ranar ya same ni tsugune gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, ya yi ta dariya.

"Daga yau kin huta, Kumfa. Ki danna nan kawai, ki tafi shan iska."

Sunan ya bi ni, shi kuma ya shige zuciyata. Hutun ne dai har yau ban sa shi a ido ba.

Wankin da muke yini a kai, injin ya riƙa gama shi kafin rana ta take. Mama ta ga sarari, ta karɓo na otal. Aka ƙaro na gidan cin abinci. Sai aka buɗe mana shafi a waya, mutum na kwance a gadonsa zai turo a zo a ɗauki kayansa. 'Yar ƙanwar Mama, wadda muke kira Sakatariya, ita ke riƙe da wayar, kuma bakinta bai san a'a ba. Ta fi karɓo aiki duk ranar da Injiniya ya ce zai kai ni gaida mahaifiyarsa.

Baiwar Allah ta yi girki ta jira ni, ban je ba. Ta sake, ban je ba. A na ƙarshe Sakatariya ta ce bari ta je ta ba da haƙuri a madadina. Haƙurin ya ɗauke ta yini guda, ta dawo tana ƙamshin turaren ɗakinsu tana cewa "Ummanmu".

Washegari yayarsa ta kira ni.

"Ƙanina ba inji zai aura ba. Mun ga mai lokacinmu."

Shi kuwa abu ɗaya ya ce min kafin ya yi shiru: "Ni na kawo injinan nan don ki samu lokacina. Yanzu sai na bi layi bayan zannuwan gado."

Na so in mutu don baƙin ciki, amma ko kukan ban samu sararin yi ba, injin busarwa na ta ƙara yana kirana.

Ga shi yanzu ya shigo da jakar kayan aikinsa. Ya gaida Mama, bai dube ni ba. Ya rame. Ya durƙusa cikin ruwan, ya janyo tiyon, ya daɗe yana shafa wurin da aka datse da yatsa.

"Ɓera ne?" in ji Mama.

"Ɓeran yana da hannu mai kyau," ya ce a hankali.

Mama ta koma rufe famfo. Na durƙusa kusa da shi.

"Masoyi..."

"Kada ki fara."

"Ka dube ni ko sau ɗaya."

"Me zan gani? Yanzu waya za ta yi ƙara ki tashi."

"Wallahi ban san yadda zan yi ba. Na kira ka, na tura saƙo..."

"Saƙo." Ya yi murmushin da ya fi mari zafi. "Umma ba ta cin abinci da saƙo, Kumfa. Gobe za su zauna a kan maganata. Sun ce in kawo ki yau ko in bar musu zaɓi."

Yau!

Sai ga Sakatariya a kanmu, ta ɗaga almakashin da na cusa ƙarƙashin kwando.

"Mama, zo ki ga ɓeran naki. Da idona na gan ta."

Mama ta dubi almakashin, ta dube ni.

"Ke? Abincinmu kika sa wa almakashi? Saboda namiji? Dama na faɗa, auren nan ba yanzu ba. Kika tafi wa zai riƙe min shagon?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba. Ranar bakina ya ƙi rufuwa.

"Mama, yaushe rabon da mu ci abinci tare a zaune? Da muna wanki da hannu, in muka yi shanya sai mu zauna a inuwa, kina min kitso kina ba ni labarin Baba, har kaya su bushe. Yanzu inji ke busarwa. Babu abin jira, shi ya sa babu zama. Kin ce mun samu sauƙi, to ina lokacin ya tafi? Ni ban gan shi ba. Ina son mutumin nan, Mama, kuma yau zan rasa shi saboda tawul ɗin wanda ban ma sani ba."

Kuka ya ci ƙarfina.

Mama ta matso kusa da ni. Ta kai hannu kan ɗankwalina ta ɗan zame shi. Kitson da ke kaina ya tsufa har ya cukurkuɗe, ita ta yi min shi, ita ma ba ta tuna yaushe ba. Na ji yatsunta sun tsaya cak.

Ta juya ta nufi bango, ta kashe wutar sauran injinan.

Shagon ya yi tsit. Ashe agogon bangonmu yana da ƙara, na manta.

"Injiniya, gyaran nan zai kai yaushe?"

Sabon tiyo na hannunsa, ya riga ya ciro shi, aikin da ba zai hana shi shan shayi da zafinsa ba. Ya dubi tiyon, sannan ya dube ni, karo na farko tun shigowarsa. Idanunsa sun yi ja.

Ya mayar da shi cikin jaka.

"Sai gobe, Mama."

"To kai ta wurin mahaifiyarka."

"Kayan otal fa?" Sakatariya ta ce.

"Ke kika karɓi na yau. Ga baho can, ga sabulu."

Ko kaya ban tsaya canzawa ba. A hanya ya ce, "Gobe ke za ki riƙe min fitila in gyara ɓarnarki, Kumfata." Na yi dariya ina kuka.

Mahaifiyarsa na zaune a falo da yayarsa, babu mai fara'a. Na durƙusa, gefen zanina na ɗigar da ruwa a kan shimfiɗarta. Ta ƙare min kallo, daga jiƙaƙƙen zanin har kumburarrun idanuna.

"Sauri kike yi, 'yata?"

Wayata ta hau ruri a jaka. Na ciro ta, na kashe, na ajiye a gabanta.

"A'a, Umma. Ba inda za ni."

Ta matsa gefe, ta buɗa min wuri kusa da ita.