Kwalaben Ruwan Unguwa Uku

Wani ya ɓalle kwaɗon ɗakin gwajin Dakta Safiyyah a Gyaɗi-Gyaɗi ranar Juma'a, mutane suna masallaci, ya kwashe kwalaben da ke cikin firij. A shekarar da soja suka koma bariki ne.

Sufeto Mu'azu ya iso bayan la'asar. Janareta yana nan, na'urar duba ƙwayoyin cuta tana nan. Ɓarawon bai taɓa komai ba sai kwalabe.

Safiyyah tana zaune a ƙasa, idanunta sun yi ja. Ta ce ruwa ne a ciki, ruwan da ta bi gida-gida ta ɗebo a Unguwa Uku bayan amai da gudawa ya kashe yara bara. Ta nemi tallafin wata gidauniya don a gwada ruwan unguwar duka. Kwamitin tantancewa zai zauna gobe a Tarauni, kuma ba ya amincewa da buƙata sai wakilinsa ya ga samfurin da idonsa. In ba kwalabe, ba tallafi.

"Damina ta kusa, Yallaɓai," in ji ta. "Yaran nan za su sake sha."

Sufeto ya wuce ofishin gidauniyar. Sakatariya Uwani ta bayyana masa tsarin. Kowace buƙata ta zo, ita ce ke cire sunan mai ita da adireshinsa, ta sa lamba. 'Yan kwamiti lamba kawai suke gani, don kada a yi son kai. Su karanta, su ba da maki, su yi ƙuri'a.

Ya tambaye ta ko wani ya taɓa neman sanin suna. Ta rantse babu. Amma ba ta ɗago kai ba, tana ta murza bakin mayafi.

Daga nan ya je gidan shugaban kwamitin, Dakta Maje, tsohon likita da ya yi ritaya, a Unguwa Uku. A ƙofar gidan 'yan ga-ruwa sun yi layi da kurarsu a bakin burtsatsensa, suna sayen ruwa. Sufeto ya gaishe shi, ya ce an sace samfurin ɗaya daga cikin masu neman tallafi. Bai faɗi wane ne ba.

Maje ya yi salati. Ya ce abin tausayi, amma ita ma yarinyar ta yi sakaci, wa ke barin irin wannan kaya a shago a Gyaɗi-Gyaɗi ba maigadi?

"Ranka ya daɗe, wa ya ce maka mace ce?"

Kafin Maje ya amsa, Sufeto ya ƙara da cewa:

"Wa ya ce maka Gyaɗi-Gyaɗi? Ai lamba kuke gani."

Maje ya ce hasashe ne. Sufeto ya sa aka kawo shi da Uwani caji ofis, aka zaunar da su fuska da fuska. Nan ta fashe da kuka. Ta ce Baba Maje ne ya matsa mata ta ba shi suna da adireshi, shi ya samar mata aikin, ta kasa hana shi.

Maje ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce da ya karanta buƙatar ya ga layin gidansa a cikin inda aka ɗebi ruwa. Burtsatsensa kusa da shadda aka haƙa shi, ya sani tun bara. Da shi yake ciyar da gidansa da marayun ƙaninsa. In an gwada, sunansa ne zai fito a kan yaran da suka mutu. Shi ya ɓalle kwaɗon, kwalaben kuma ya juye su a kwata.

Aka kira Safiyyah. Tsohon ya durƙusa mata.

"'Yata, ki janye ƙarar nan. Gobe ni zan zauna. Zan ce na ga samfurin da idona. Tallafin naki ne, wallahi."

Ba ta da kwalba ko ɗaya, kuma ta san ba wanda zai ɗage zaman dominta.  Wani kurtu yana tsaye da ankwa, yana jira.

 Kurtun ya kama hannun tsohon ya tashe shi, suka nufi ƙofar baya. Maje ya waiwayo, ya sake kiran sunanta.

"A'a, Baba," in ji ta. "Ba zan janye ba."